Jakadan Meksiko da Rumfunan Sallarmu

Ganyen bishiya ne ya haɗa ni da shi. Shekarar da muka tashi daga unguwar Glenwood muka koma Sedgefield, duk a garin Greensboro na Amurka, ba ɓangaren da ake buga golf ba, ɓangaren da ake hango masu bugawa daga nesa, mun tarar da wata ƙatuwar bishiya a bayan gidan. Da kaka ta kama sai ta dinga zubar da ganye kamar an aiko ta, rabinsa kuma a farfajiyar maƙwabta yake sauka. Ni kuwa ina dawowa daga aikina na gwajin jini a asibiti a gajiye, in kalli ganyen, in ce gobe.

Wata Asabar da hantsi aka danna ƙararrawa. Na buɗe na ga wani gajeren dattijo, farin gashi a taje tsaf, da kwat da laktaye. Na ɗauka mai wa'azi ne ko mai tallar inshora. Ya ce shi ne mahaifin likitar da ke gidan kusa da mu, ya zo gaisuwa. Na shigar da shi falo. Ya yabi labulenmu, ya tambayi lafiyar iyali har da na Zariya da bai san suna duniya ba, ya sha shayi, sannan ya ɗauki lokaci mai tsawo yana yabon bishiyar. Ya ce inuwarta arziki ce da gidajen biyu suka yi tarayya a kai, kuma yana da yaƙinin cewa duk wani abu da ke saukowa daga gare ta za a dube shi da idon zumunci. Ya yi sallama ya tafi.

Maiɗakina ta leƙo daga kicin ta ce, "Me ya kawo shi?"

Na ce, "Gaisuwa. Mutumin kirki ne wallahi."

Ta ce, "Malam, cewa fa ya yi ka share ganyenka."

Sai da na zauna na maimaita maganganunsa a raina kafin na gane gaskiyarta. Ranar na yi shara har bayana ya riƙe, kuma abin haushin, ina yi ina jin kamar ni aka karrama.

Daga baya na san cewa tsohon jakadan ƙasar Meksiko ne. Ya yi ritaya, matarsa ta rasu, 'yarsa ta ɗauko shi ya zauna da ita. Ni da maiɗakina muka sa masa Baba Jakada, ya kuwa karɓi sunan da hannu biyu kamar lambar girma. Shi kuma Malam yake ce mini, don ya ji haka ake kirana. Yawancin yammacin Lahadi a barandarsa nake yi, yana shan kofi mai ɗaci, ina shan shayina, yana ba ni tarihin aikinsa.

Ya ce ya fara ne a ƙaramin ofishin jakadanci a wani gari mai zafi a Texas. Aikinsa sabunta fasfo, da ziyartar 'yan ƙasarsu da ke kurkuku, da shirya mayar da gawar wanda ya mutu a gona ko wurin gini zuwa ga uwarsa. Idan ya zo nan muryarsa takan sauka. Ya ce a duk tsawon aikinsa wannan ne kaɗai lokacin da idan ya tashi daga aiki da yamma zai iya nuna abin da ya yi da yatsa. Da aka ga yana da ƙoƙari sai aka ɗauke shi daga nan, aka tura shi inda ba za a sake ganin ƙoƙarin ba.

Aka kai shi wata ƙasa mai sanyi a Turai. Can ya yi shekaru yana tattaunawa da wani jami'i guda a kan sharuɗɗan shigo da fiya. Suka ci abincin rana tare har ya san sunayen karnukan mutumin. Ranar da aka sa hannu a yarjejeniyar, gwamnatin ƙasar ta faɗi, sabuwar ta ce za ta sake nazari.

"Wannan shi ne aiki tsakanin ƙasa da ƙasa, Malam," in ji shi. "Mutum biyu ne a tebur, kowa ya san ɗan uwansa ba gaskiya yake faɗa ba, kowa kuma yana yabon miyar."

Na ce, "To na ƙasashe da yawa fa, ranka ya daɗe?"

Fuskarsa ta washe. Ya ce wannan shi ne aikin da ya fi so. An tura shi babban zauren nan na New York da ƙasashen duniya ke taruwa, aka sa shi a wani kwamiti da ke duba dokokin ƙarƙashin teku, shi da ko iyo bai iya ba. A nan ya yi suna. Akwai lokacin da wakilai suka yi makonni suna jayayya a kan ko za a rubuta cewa taro ya yi maraba da wani rahoto, ko kuwa ya lura da shi. Shi ne ya kawo shawarar a ce taro ya lura da shi cikin sha'awa. Aka tafa masa, wani wakili har da rungumarsa. Na tambaye shi abin da rahoton ya ƙunsa. Ya ce gaskiya ya manta, kuma yana zaton yawancin waɗanda suka tafa ba su karanta ba. Daga ƙarshe aka naɗa shi cikakken jakada a gabashin Afirka, aka haɗa masa ƙasashe da dama a wuyansa. Ya taɓa zuwa taro Abuja, aka ba shi kyautar babbar riga, ya koyo "sannu" da "madalla", yana kuma amfani da su a duk inda ya ga dama.

To a lokacin mu Hausawan Greensboro muna cikin wata rigima. Mun saba duk ƙaramar Sallah mu kama rumfa guda a wani wurin shaƙatawa, mu ci mu sha tare, 'yan Najeriya da 'yan Gana da 'yan Nijar. Manyanmu biyu ne. Akwai Alhajin Kano, mai sayen tsofaffin motoci yana turawa gida, wanda ya sayi gida a Irving Park, unguwar masu kuɗi, kuma ba ya gama zance bai faɗa maka ba. Akwai kuma Alhajin Kumasi, mai shagon manja da busasshen kifi a Glenwood, wanda ya riga kowa zuwa garin. A wata Sallah Alhajin Kano ya tashi jawabi, ya ce yana godiya ga 'yan uwa 'yan Najeriya da kuma sauran baƙinmu. Alhajin Kumasi ya ajiye cokali, ya sa aka rufe tukunyar wake da shinkafarsu, suka kwashe har da shito, soyayyen yajin nan nasu, suka tafi. Tun daga ranar nan, Sallah ta zama rumfa biyu, a wuri ɗaya, tsakaninsu bai fi jifa ba. Ni ina rumfar Najeriya, maiɗakina kuma tana rumfar Gana saboda aminiyarta matar Alhajin Kumasi ce. A mota muke haɗuwa.

Na ba Baba Jakada labarin ne don ya yi dariya. Bai yi ba. Ya ajiye kofinsa a hankali, ya gyara zama.

"Kalma ɗaya ce tak?"

Na ce, "Ɗaya."

"An jefi wani da kujera?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"Malam," ya ce, idanunsa na ƙyalli, "wannan ai fannina ne."

Na so in zame, amma mutumin ya gaji da zaman gida da kallon masu yankan ciyawa. Da Asabar ta zagayo sai ga shi a ƙofata da kwat, ya ce za mu fara da ganawa da kowane ɓangare shi kaɗai. Ni ne direba, ni ne kuma tafinta idan Turanci ya ƙare wa wani saboda fushi.

Muka fara da Irving Park. Alhajin Kano da ya ji an ce jakada ne zai zo, sai ya sa aka yanka kaji, aka yi tuwon shinkafa da miyar taushe. Ya zagaya da shi gidan ɗaki ɗaki har gareji. Ya ce shi bai ga laifinsa ba, baƙo ai abin girmamawa ne, idan Alhajin Kumasi bai san Hausa sosai ba sai ya zo a koya masa. Baba Jakada ya gyaɗa kai, ya ce ya fahimci matsayinsa sarai, ya ƙara tuwo.

Washegari muka je Glenwood. Aka zaunar da mu a bayan shago tsakanin buhunan gari, aka kawo wake da shinkafa irin nasu da ƙwai da shito mai yajin da ya sa ni hawaye. Baba Jakada kuwa ko gezau, har ya nemi ƙari, abin da ya sa Alhajin Kumasi ya ƙaunace shi nan take. Alhaji ya ce da hannunsa ya ɗauko Alhajin Kano daga filin jirgi da jaka ɗaya, a kan kujerar falonsa ya kwana har ya samu aiki. "Yau ni ne baƙo? Babban kai gare shi, ba komai ba!" Baba Jakada ya ce ya fahimci matsayinsa sarai.

Da muka koma wurin Alhajin Kano, ina zaune ina ji Baba Jakada ya ce masa, "Alhaji, ɗan uwanka ya yi maganarka da yawa. Har ya ambaci girma a kanka." Ruwan da nake sha ya sarƙe ni. Alhajin Kano ya shafa gemu ya ce ai dama shi ya san mutumin ba shi da mugun nufi, mutanensa ne ke zuga shi.

A mota na ce, "Ranka ya daɗe, ba haka ya faɗa ba fa."

Ya ce, "Ban ƙara komai ba, Malam. Ragewa kawai na yi."

Haka muka yi ta kai da komo har wandonsa ya fara matse shi, 'yarsa likita ta tare ni a bakin ƙofa tana tambayata abin da nake ba mahaifinta. Ni dai a ganina sulhu ya kusa. Sai ya ce saura ɓangare na uku. Na ce babu wani ɓangare na uku. Ya ce 'yan Nijar fa? Na ce ai su ba ruwansu, suna cin tuwo a wannan rumfa su wuce waccan su ci wake da shinkafa, kowa na son su. Ya girgiza kai ya ce ba a yin taron ƙasashe a bar wata ƙasa a waje.

Babbansu wani direban babbar mota ne ɗan Maraɗi, mutum mai sanyin hali da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Muka same shi yana wanke motarsa. Baba Jakada ya tambaye shi mene ne matsayinsu.

Ya ce, da ɗan Faransancinsu a baki, "Matsayi kuma? Bon, mu dai muna zuwa mu ci abinci, mu yi barka da Sallah."

Baba Jakada ya yi masa bayani dalla-dalla cewa idan manya biyu suna rigima, na ukun da ya yi shiru shi ke riƙe da ma'auni, kuma ƙasarsa ta daɗe tana cin moriyar wannan a zauren New York. Direban ya saurara, ya kashe famfo, ya ce zai shawarci jama'arsa. Kafin mako ya zagayo 'yan Nijar sun samu matsayi. Sun gano cewa ba a taɓa ambaton Nijar a jawabin Sallah ba, cewa kullum a ƙarshen tebur ake ajiye dambunsu kusa da kwandon shara, kuma suna so a riƙa fassara sanarwa da Faransanci.

Aka sa ranar babban taro, bayan azahar, a ɗakin taron wani laburare. Baba Jakada ya zo da babbar rigarsa ta Abuja a kan kwat, laktayen na leƙowa ta wuya. Ya sa aka jera tebura a zagaye don kada a samu mai zama a gaba. Matsala ta farko a wurin ajiye motoci ta taso. Alhajin Kano ya ƙi fitowa daga motarsa sai Alhajin Kumasi ya fara shiga, shi ma wancan haka. Suka zauna injuna na aiki, kowa na kallon gaba. Baba Jakada ya zagaya ginin ya dawo yana murna, ya ce ɗakin ƙofa biyu gare shi. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga hankici, ya sauke, suka shigo a tare. Suka tarar da ɗan Maraɗi ya riga su, ya zauna, ya kuma miƙe yana yi musu maraba a matsayin mai masauki.

An ci lokaci mai yawa kafin a yarda da sunan taron. Alhajin Kano ya ce ba za a kira shi taron sulhu ba don shi bai yi faɗa da kowa ba. Alhajin Kumasi ya ce ba za a kira shi taron zumunci ba don zumuncin ne ake nema. Aka tsaya a kan "zama". Daga nan aka shiga maganar kalmar. Wani malamin jami'a ya yi dogon bayani a kan asalinta, wani ya ce a Kumasi ba haka take nufi ba, ɗan Maraɗi ya nemi a fassara masa duk da cewa da Hausa ake yi. Can wata Hajiya mai aikin jinya ta miƙe daga baya ta ce, "Don Allah Alhazai ku ji tsoron Allah. A ƙasar nan wane ne ba baƙo ba a cikinmu?" Kowa ya sunkuyar da kai. Na ce a raina shi ke nan, an gama. Sai Alhajin Kano ya yi gyaran murya ya ce shi dai yana da fasfon Amurka. Alhajin Kumasi ya buga tebur ya ce nasa ya riga nasa fitowa. Wuri ya kaure, har ma'aikaciyar laburaren ta leƙo ta ɗora yatsa a baki.

Duk wannan hayaniya Baba Jakada na zaune yana murmushi kamar mai sauraron kiɗa. Da aka gaji, la'asar na neman wucewa, ciki ya fara kira, sai ya miƙe ya karanto abin da ya tsara, ina fassarawa. Zaman ya lura cewa an furta wata kalma. Ya kuma lura cewa an ji ta. Ya jaddada girman duk wanda ya ɗauko wani daga filin jirgi, da na duk wanda aka ɗauko. Ya yaba wa dambu. Ya kafa kwamiti da zai ci gaba da duba lamarin, yana zama wata-wata, gida-gida. Ya tambaya ko akwai mai ja, kafin wani ya buɗe baki ya buga cokali a kan kofi ya ce, "Madalla."

A waje na ji Alhajin Kano yana gaya wa mutanensa cewa bai ba da haƙuri ba. Na ji Alhajin Kumasi yana gaya wa nasa cewa an rubuta maganar filin jirgi a takarda, duniya ta shaida.

Sallah ta zo. Muka isa wurin shaƙatawar, na ga rumfar Najeriya, na ga ta Gana, sannan na ga ta uku a tsakiya da ƙaton kwanon dambu a kan tebur na farko. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na nemo Baba Jakada, na same shi a kan benci da faranti mai ɗauke da abincin ƙasashe uku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, biyu muka kawo maka, ka mayar mana da su uku."

Ya haɗiye lomarsa, ya goge baki. "Malam, so kake su ƙaunaci juna? Wannan ba ya cikin aikina. Na yi aiki har gashina ya yi fari, ban taɓa ganin ƙasa biyu sun ƙaunaci juna ba. Abin da ake biyana in yi shi ne su dawo tebur wata mai zuwa. Za su dawo?"

Na ce, "Za su dawo. A gidan Alhajin Kumasi ma za a yi."

"To zauna ka ci dambu."

Kwamitin kuwa ya zama abin da ba mu zata ba. Tunda gida-gida ake yi, sai matan suka mayar da shi gasa. Wadda ta yi masa a wannan wata, ta gaba sai ta yi sinasir da farfesun kan rago. Mutanen da ba 'yan kwamiti ba suka fara zuwa a matsayin 'yan kallo, da iyalansu. Alhazan biyu ba su taɓa fashi ba, don kowa na tsoron a yanke wani abu a bayansa. Da aka yi wa Alhajin Kumasi aikin gwiwa, Alhajin Kano ya je asibiti duba shi. Ya shaida wa kowa cewa a madadin kwamiti ya je, ba don kansa ba. Ya kai masa farfesu, ya gyara masa matashi, suka yi ta musu a kan wanda ya fara katse wa wani magana a zaman da ya wuce, har ma'aikatan jinya suka ce lokacin ziyara ya ƙare.

Sanyin garin ya dami Baba Jakada a ƙafafu, daga baya ya yanke shawarar komawa garinsu. Aka yi masa walimar bankwana har kashi uku a rana ɗaya, ni na kai shi duka. A kowace ya yi jawabi iri ɗaya, ya dafa ƙirji ya ce wannan al'umma tana da wuri na musamman a zuciyarsa, kowace kuma ta fahimci cewa ita ya fi so. A ta ƙarshe, ba tare da ya shawarce ni ba, ya sanar cewa ya bar ni a matsayin mai shiga tsakani na riƙon ƙwarya. Aka tafa. Na nemi in yi magana aka ce ba ya cikin ajanda.

Har yau ni ke riƙon ƙwaryar. Yakan kira ni jefi-jefi daga can. Kiran da ya yi na baya-bayan nan muryarsa cike da nishaɗi, ya ce ya tarar da ƙannensa mata biyu ba sa ga maciji a kan wadda za ta riƙe tsohon keken ɗinkin mahaifiyarsu, kuma taurin kansu ya fi na duk wakilan da ya taɓa zama da su. Na tambaye shi ko an samu ci gaba. Ya ce sosai ma, sun amince a tattauna ranar da za a tattauna wurin zama. Ina cikin yi masa addu'ar nasara maiɗakina ta kira ni daga gareji, ta ce in zo in ɗauki kular miya, a gidan ɗan Maraɗi ake zaman wannan watan kuma ba ta son a riga ta ajiye nata a tebur.